Rayuwa Ba Ci Ba Sha: Karama Ce Ko Cinikin Biri A Sama?

Daga Akra, ƙasar Gana

Duk wanda ya san kasuwar Nima ranar Laraba, ya san ba wurin zaman hira ba ne. Tun da asuba motoci ke sauke buhunan masara da gero da wake da albasa, 'yan dako na kai da komowa, masu koko da ƙosai kuma ba su da lokacin ɗaga kai. Sai bayan la'asar, idan ciniki ya lafa, ake samun sukunin zama. A irin wannan lokaci ne na tarar da wata majalisar masu shan ataya ta rabu gida biyu a kan wani bidiyo da ke cikin wayar wani saurayi.

A cikin bidiyon an nuna wani tsoho ɗan Indiya mai farin gemu da jajayen tufafi, an kuma ɗora wata murya da Hausa tana cewa wai shekara 70 ke nan mutumin bai ci ba bai sha ba, kuma wai likitoci sun gwada shi sun sallama. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah ya fi gaban mamaki." Wani yaron shago da ke gefe ya ce masa, "Baba, kai da ba ka karɓar buhu sai ka kwance bakinsa ka zura hannu har ƙasa, yau kai ne za ka yi cinikin biri a sama?" Aka bushe da dariya, amma gardama ba ta mutu ba har aka kira magariba.

Da a majalisa maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa na ga wajibi ne a yi bayani shi ne wayar da wata Hajiya ta bugo mana a shirinmu na rediyo ba da jimawa ba bayan nan. 'Yar kasuwa ce mai sarin kaya tsakanin Bawku da Akra. Ta ce ƙaninta yana fama da ciwon sukari, sai aka turo masa wani saƙon murya ta WhatsApp cewa idan ya yi kwana bakwai ba ci ba sha, jikinsa zai wanke kansa ya rabu da ciwon har abada. Ya ɓoye wa iyalinsa ya fara. A rana ta uku aka tsince shi a sume a bakin ƙofar ɗakinsa a Mamobi. Allah Ya sa da sauran kwana a gaba, aka garzaya da shi asibiti aka yi ta ƙara masa ruwa har ya farfaɗo. Ta ce da ni, "Malam, don Allah ku gaya wa mutane gaskiya, kada wani ya rasa nasa." To, ga abin da aka sani game da wannan al'amari.

Tsohon da ke cikin bidiyo

Sunan tsohon Prahlad Jani, mutumin jihar Gujarat ne a Indiya, kuma ya mutu a shekarar 2020 yana da shekara 90. Ya yi ikirarin cewa tun 1940 rabonsa da abinci da ruwa, wai wata abar bautarsu ce ke ciyar da shi. Gaskiya ne an kwantar da shi a wani asibiti a birnin Ahmedabad har sau biyu don a sa masa ido: kwana 10 a shekarar 2003, da kwana 15 a shekarar 2010. Amma akwai abubuwan da mai muryar bidiyon bai faɗa ba. Na farko, kwana 15 ba shekara 70 ba ne. Na biyu, an bar shi yana kurkure baki yana wanka, wato yana haɗuwa da ruwa. Na uku, a gwajin 2003 nauyinsa ya ragu, alhali mutumin da jikinsa ba ya bukatar abinci bai kamata ya rame ba. Na huɗu, shugaban ƙungiyar masu bin diddigin irin waɗannan ikirari a Indiya, Sanal Edamaruku, ya nemi a bar shi ya shiga cikin masu sa ido, ba a ba shi dama ba. Bugu da ƙari, ba a buga sakamakon a irin mujallun da sauran likitocin duniya ke tantance bincike kafin a yarda da shi ba. A harshen kasuwa, mai kaya ne ya zo da mudunsa, ya auna da kansa, ya kuma hana a duba gindin mudun.

Ba a Indiya kaɗai ake wannan ikirari ba. A ƙasashen Turawa akwai masu cewa da iska da hasken rana suke rayuwa. Da na faɗi haka a majalisar nan, wani ya ce, "Ashe 'yan iska ne na gaske." Fitacciya a cikinsu ita ce wata 'yar Ostareliya mai suna Ellen Greve, wadda ta raɗa wa kanta Jasmuheen, ta rubuta littafi tana koyar da wani tsari na kwana 21 wanda satinsa na farko ba ci ba sha. A shekarar 1999 wani shirin talabijin na ƙasarsu mai suna 60 Minutes ya ce ta zo ta nuna a gaban jama'a, aka ajiye ta a ɗakin otal, aka sa likita tana duba ta. Cikin kwana biyu alamun ƙarancin ruwa suka bayyana a jikinta. Sai ta ce ai hayaƙin motocin titi ne ya gurɓata iskar da take ci. Aka mayar da ita wani wuri a kan tsauni inda iska ke da kyau. Duk da haka ta ci gaba da ramewa, bugun zuciyarta ya ƙaru, maganarta ta fara sarƙewa. Bayan kwana huɗu aka tsayar da gwajin saboda likitar ta yi gargaɗin ƙodarta na iya lalacewa. Ita ta tsira don akwai likita a kanta. Amma tsakanin 1997 da 1999 an danganta mutuwar mutum uku, a Jamus da Ostareliya da Sikotilan, da bin irin wannan koyarwa.

Labarin da ya fi ban tausayi tsoho ne. A shekarar 1869, a yankin Wales na Birtaniya, an yi wata yarinya 'yar shekara 12 mai suna Sarah Jacob, wadda iyayenta suka ce ta yi kusan shekara biyu ba ta cin komai. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa suna kallonta suna ajiye kuɗi da kyaututtuka. Da gardama ta yi yawa, aka ɗauko ma'aikatan jinya huɗu daga Landan suka tsare ta dare da rana. Hanyar da take samun ɗan abin da take ci a ɓoye ta toshe, iyayen kuma suka ƙi yarda a ba ta abinci don kada asiri ya tonu. Cikin kwana takwas yarinyar ta mutu, kotu ta ɗaure uban da uwar.

Idan mai karatu ya lura, duk inda aka tsare mai wannan ikirari tsarewa ta gaskiya, ɗayan biyu ne ke faruwa: ko a tsayar da gwajin don ceton ransa, ko a ɗauki gawarsa.

Jiki ma shago ne

Dalilin haka ba boyayye ba ne, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane shi. Jikin ɗan Adam yana kashe kuɗi ko yana barci. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana. Ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Ga ɗumin jiki da dole a riƙe shi dare da rana. Duk wannan haya ce da ake biya kullum, kuma da abinci ake biyanta.

Idan ciniki ya tsaya, mai shago yakan fara da kuɗin da ke cikin aljihun tebur. Haka jiki yake fara amfani da ɗan sukarin da ya ajiye a hanta, wanda ba ya wuce na kwana guda. Daga nan sai a shiga sito, wato kitse. Wannan shi ke sa mutum ya iya yin makonni ba abinci matuƙar yana shan ruwa. Amma tun sito bai ƙare ba jiki yake fara taɓa uwar kuɗi, wato tsoka, kuma zuciya ita ma tsoka ce. Daga ƙarshe mai shago ya sayar da katako da kwanon rufi, shago ya rufe.

An san iyakar wannan jari. A shekarar 1981 fursunoni 10 suka mutu a yajin cin abinci a gidan yarin Maze da ke Ailan ta Arewa. Suna shan ruwa, amma duk sun mutu tsakanin kwana 46 da 73. Jagoransu Bobby Sands ya cika bayan kwana 66 yana ɗan shekara 27. Wanda ya fi kowa daɗewa a abin da likitoci suka rubuta shi ne wani ɗan Sikotilan mai suna Angus Barbieri, wanda ya yi kwana 382 bai ci abinci ba daga 1965 zuwa 1966. Sai dai ya fara ne da nauyin kilo 207, yana shan ruwa da shayi da kofi da ƙwayoyin bitamin, likitoci na auna jininsa a kai a kai. Ya gama da kilo 82. Kilo 125 ɗin da suka ɓace su ne abincinsa. Bai rayu da iska ba, kansa ya ci.

Batun ruwa kuwa ya fi gaggawa. Babban mutum yana zubar da kimanin lita biyu ko fiye a rana ta fitsari da gumi da numfashi, a zafi irin na Paga ko Bawku a watan Maris kuwa abin ya zarce haka nesa. Idan ba a mayar ba, jini ya yi kauri, ƙoda ta gaza. Shi ya sa rashin ruwa ke kisa cikin kwanaki, ba makonni ba.

To ita iskar fa? Duk matar da ta taɓa hura gawayi ta san amsa. Fifita tana sa wuta ta kama, amma fifita ba gawayi ba ce. Ko kwana za a yi ana fifita murhun da babu komai a cikinsa, ruwan shayi ba zai tafasa ba. Iskar da muke shaƙa aikinta ke nan, taimaka wa jiki ya ƙona abinci. Hasali ma numfashi fitar da kaya yake yi daga jiki, domin mafi yawan kitsen da mutum ya ƙona ta huhu yake fita a matsayin iska. Hasken rana kuma tsirrai ne ke iya mayar da shi abinci, saboda sinadarin da ke sa ganye ya zama kore, wanda babu shi a fatar mutum. Ko su tsirran sai da ruwa da taki.

Mu da muka ga 1983

Abin mamaki shi ne a ce a Akra ake wannan gardama, garin da ya bai wa likitocin duniya sunan wata cutar yunwa. Kalmar kwashoko daga harshen Ga ta fito, harshen mutanen da muke zaune a ƙasarsu. Wata likita haifaffiyar Jamaika mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise a nan Akra, ita ce ta yi bayanin cutar a rubuce a 1933, ta kuma shigar da sunan cikin ilimin likitanci a 1935. Ta ji matan Ga suna kiranta ciwon yaron da aka yaye don an yi masa ƙane. Yaran nan ba wai ba sa cin komai ba ne, kunun masara ake ɗura musu, amma saboda rashin abinci mai gina jiki sai ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule, da yawa su mutu. Idan wanda yake ci amma bai ci daidai ba haka yake ƙarewa, ina ga wanda ba ya ci ɗungurungum?

Manyanmu kuma ba su manta 1983 ba. Fari ya haɗu da gobarar daji da ta cinye gonaki, ga kuma 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da gwamnatin Shehu Shagari ta koro daga Nijeriya a farkon shekarar, da yawansu ta iyakar Aflao suka shigo. Mutane suka riƙa bin layi suna sayen dokunu tun bai dahu ba, don kada a jira ya ƙare. Ƙasusuwan wuya suka fito wa jama'a har aka yi musu laƙabi da sarƙar Rawlings. 'Yan'uwanmu na Maraɗi su ma sun ga tasu a 2005, lokacin da cibiyoyin ciyar da yara suka cika maƙil. A duk waɗannan shekaru iska ba ta yanke ba, rana ba ta daina fitowa ba, masu ibada kuma ba su ƙare ba. Da iska na ƙosarwa, da ba a haƙa kabari ko ɗaya ba.

Ina matsayin addini?

Masu yaɗa wannan magana a cikinmu sukan sa mata rigar addini, su ce ai karama ce, ko su ce ai azumi ne aka ƙara wa tsawo. Babu Musulmin da ke musun cewa Allah Mai iko ne a kan komai. Amma ikon Allah daban, ikirarin wani bawa daban, kuma shi ikirari hujja ake nema a kansa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa a Suratul Furƙan kafiran Makka sun yi wa Manzon Allah (SAW) gori don yana cin abinci yana shiga kasuwa, aka mayar musu da cewa haka manzannin da suka gabace shi suke. A Suratul Ma'ida an kafa hujja da cin abincin Annabi Isa (AS) da mahaifiyarsa a kan cewa su mutane ne. Ko Ashabul Kahfi da wasu ke kawowa misali, waɗanda barcinsu aya ce daga Allah, da suka farka sai suka tura ɗayansu gari da kuɗin azurfa ya sayo musu abinci.

Azuminmu kuwa yana da iyaka, daga alfijir zuwa faɗuwar rana. An kwaɗaitar da mu yin sahur da gaggauta buɗa baki, an kuma ɗauke wa mara lafiya da matafiyi su rama daga baya. Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun nuna Manzon Allah (SAW) ya hana sahabbansa yin wisali, wato haɗa azumin kwanaki ba tare da buɗa baki ba. Ko malaman da ke shiga halwa rage ci suke yi, ba dainawa ba. Shi ya sa a watan Ramadan titunan Nima da Mamobi ke cika da masu koko da ƙosai da fura tun kafin a kira salla. Wanda ya ce maka ka zarce kwana bakwai ba ruwa, ba daga wannan makaranta ya ɗauko karatunsa ba.

Inda aka bar irin wannan tunani ya yi jijiya, an ga abin da ya haifar. A watan Fabrairun 2023 wani fasto a Mozambik mai suna Francisco Barajah ya mutu a asibitin birnin Beira bayan ya yi yunƙurin azumin kwana 40. Watanni biyu bayan haka aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola kusa da Malindi a ƙasar Kenya, inda hukumomi suka ce wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, ya umarci mabiyansa su daina cin abinci. Gawarwakin da aka tono sun haura 400, da yawansu yara ne. An gurfanar da shi a kotu a 2024, ya musanta laifin, shugabannin Kirista na ƙasar kuma sun yi tir da abin da ya faru. A nan Gana ma, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012 cewa a wasu sansanonin addu'a ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa ana tilasta musu azumin kwanaki da sunan magani. Abin lura a duk waɗannan wurare shi ne, mai rauni ne ke biyan kuɗin: yaro, mara lafiya, da wanda ya ɗebe tsammani.

Abin da ya kamata a yi

Ku 'yan'uwana na Aflao da Elubo da Paga da Cinkase, ku ne kuke kwana a mota, ku ne kuma labari ke bi ta wayoyinku daga wannan ƙasa zuwa waccan kafin ya kai gidan rediyo. Idan irin wannan saƙo ya zo, a yi masa tambayoyin da ake yi wa baƙon dillali. Wa ya auna? Kwana nawa aka tsare shi? Wa ya ga sakamakon ban da mutanensa? Me ake sayarwa a ƙarshen zancen, littafi ne, ko garin magani, ko kuɗin shiga aji? Idan magani ne, a duba ko yana da rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar da ake ciki. Idan babu amsa, kada a tura wa kowa.

Mai ciwon sukari, da mai ciwon ƙoda, da mai gyambon ciki, da mai juna biyu ko mai shayarwa, ko azumin farilla ne ya kamata su nemi shawarar likita da ta malami tun kafin wata ya kama, balle wani azumin da ba Allah ne Ya ɗora musu ba. Kada kuma wanda ke shan magani ya ajiye shi saboda saƙon waya.

Idan kuma aka samu wanda ya riga ya yi kwanaki bai ci ba, kada tausayi ya sa a cika masa kwano da tuwon zafi ko wake da shinkafa. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka danƙara masa abinci lokaci guda, gishirin da ke cikin jini yakan rikice har zuciya ta tsaya. An ga haka a 1945 a kan fursunonin da aka 'yanto a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wasunsu sun tsira daga yunwa suka mutu bayan sun ci. A kai shi asibiti, a bar ma'aikata su fara da kaɗan-kaɗan.

Na sake haɗuwa da dattijon nan mai hatsi a Larabar da ta biyo baya, na ba shi labarin yarinyar Wales da na ƙanin Hajiya. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ɗana, ni ma da na koma gida na yi tunani. Shekara 40 ina sayar da hatsi, malamai sun saya, limamai sun saya, masu kuɗi da talakawa sun saya. Ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce in soke sunansa don ya daina ci ba." Ya ɗauki mudunsa ya juya wajen wata mata da ke jiran a auna mata gero.

Allah Ya ba mu lafiya da abin da za mu ci, Ya kuma raba mu da sayen abin da ba mu gani ba.